Ɗan Daba Mai Lasin: Sojan Haya da Dariya a Fina-finai Biyu

Gabatarwa

Akwai wani irin labari da ya daɗe yana zagaya gidajen kallo a ƙasar Hausa, tun zamanin sinimar da ba ta da rufi har zuwa yau da yaro ke kallo a tafin hannunsa. Labarin kuwa shi ne: ga ƙaramin gari, 'yan fashi sun addabe shi, hukuma ta yi nisa ko ta kasa, sai a ɗauko baƙo mai bindiga a yi jinga da shi ya raba mutane da masifa. Galibi akan cakuɗa faɗan da ban dariya, ta yadda mai kallo ba zai gama kyarma ba sai ya ji yana ƙyaƙyatawa. A wannan takarda za mu dubi fim biyu. Na farko shi ne Sholay na ƙasar Indiya, wanda aka fitar a 1975, wanda kuma da wuya a sami dattijon da ya yi samartaka a Zariya ko Kano bai gan shi ba. Na biyu ƙarami ne ƙwarai, minti 34 kacal, an yi shi a Nijar a 1966, amma ko a cikin malaman adabinmu kaɗan ne suka taɓa jin sunansa. Tambaya ɗaya za mu yi wa kowannensu, watau: wa ake yi wa dariya?

Ba don nishaɗi kaɗai muka ɗauko batun ba. Bayan harin da aka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ran 28 ga Maris 2022, gwamnan Kaduna na lokacin, Malam Nasiru El-Rufa'i, ya shaida wa manema labarai cewa in Gwamnatin Tarayya ba ta yi abin da ya kamata ba, gwamnoni za su ɗauko sojojin haya daga waje. Kafin shi gwamnan Barno, Babagana Zulum, ya yi irin wannan kira bayan kisan manoman shinkafa a Zabarmari a Nuwamba 2020. A ƙauye ma haka tunanin yake, sai dai da ƙaramin ma'auni: a yi karo-karo a ɗauki 'yan banga, ko a gayyato mafarauta daga wani gari. Ƙasar Ikara da Maƙarfi da Kudan, ƙasar rake da tumatir da masara, ba ta ɗanɗana abin da Birnin Gwari ko Giwa suka ɗanɗana ba, amma Giwa maƙwabciyar Kudan ce, in kuwa gemun ɗan'uwanka ya kama wuta sai ka shafa wa naka ruwa. Samarin waɗannan garuruwa su ne ke cika wayoyinsu da fina-finan Indiya da aka fassara da Hausa a Kano, da yawansu kuwa a kan wannan zubi aka gina su. Saboda haka ya kamata mu san abin da zubin ke koyarwa.

Jinga da wanke jinga

Brian Larkin, a nazarinsa na 1997 kan fina-finan Indiya a Kano, ya kawo laƙabobin da Hausawa suka raɗa wa 'yan wasan can. Dharmendra shi ne Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt kuwa Ɗan Daba Mai Lasin. Wannan laƙabi na biyu mun ara shi ne domin ba mu ga kalmar da ta fi shi bayyana sojan haya na fim ba: aikinsa aikin ɗan daba ne, abin da ya raba su kurum shi ne wani ya ba shi izini. Aikin mai shirya fim kuwa shi ne ya sa mai kallo ya manta da dabar, ya riƙe lasin.

Ga yadda Ramesh Sippy da marubutansa, Salim Khan da Javed Akhtar, suka yi wannan aiki a Sholay. Thakur Baldev Singh tsohon sufeton 'yan sanda ne, mai gonaki a ƙauyen Ramgarh. Ya aika a nemo masa ɓarayi biyu, Veeru da Jai, watau Dharmendra da Amitabh Bachchan, waɗanda ya taɓa kamawa ya ga jaruntarsu a ranar da 'yan fashi suka tare jirgin ƙasan da yake tafiya da su. Gwamnati ta sa ladan rufi 50,000 a kan shugaban 'yan fashi Gabbar Singh. Thakur ya ƙara musu 20,000 daga aljihunsa, da sharaɗin su kawo masa shi da rai. Jinga ce tsantsa, ba a ɓoye ba. A darensu na farko a gidan ma sai da suka yi yunƙurin fasa akwatin kuɗin mai masaukinsu, har matar ɗansa da mijinta ya rasu, Radha, ta miƙo musu mabuɗi, kunya ta hana su ɗauka.

To, me ya sa mai kallo ya riga ya ƙaunace su kafin wannan dare? Dariya ce. Kafin su sa ƙafa a Ramgarh an riga an ɓata lokaci mai tsawo ana nuna su suna satar babur suna waƙar abota, suna haɗa baki da wani mai sayar da katako, sarkin cika baki, ya miƙa su ga 'yan sanda don su raba ladan, sa'an nan suna wasa da hankalin yarin kurkuku, wanda Asrani ya fito a matsayinsa da ɗan gashin baki irin na Hitila. Duk wanda aka yi wa dariya a wannan kashi, ko dai ma'aikacin hukuma ne, ko kuwa talaka mai sana'a. Su masu bindigar ba a taɓa yi musu dariyar raini ba. Tare da su ake dariya. Ko a wurin da Veeru ya bugu ya hau tankin ruwa yana cewa zai faɗo in ba a ba shi Basanti ba, wanda shi ne wurin da ya fi kama da wauta, duba ka ga wa ya ci nasara. Mutanen gari ne suka taru a ƙasa baki buɗe, tsohuwar da ke riƙon yarinyar ta ba da kai, shi kuwa ya sauko da abin da yake so. Baƙon da aka ɗauko don tsaron gari ya karɓi 'yar gari da barazana, amma tun da an yi abin cikin raha, ba wanda ya ji zafinsa.

Mataki na biyu na wanke jingar ya zo ne bayan harin ranar bikin Holi. Bindiga na kusa da ƙafar Thakur bai ɗauka ya taimake su ba, suka fusata suka ce za su tafi. Sai ya ba su labarin yadda Gabbar ya tsere daga kurkuku ya kashe masa 'ya'ya da jika, mayafinsa ya zame, aka ga ashe ba shi da hannuwa, Gabbar ya sare su. Nan take suka mayar da kuɗin. Lalle wannan wuri an tsara shi da gwaninta, kuma ba mu san mai kallon da bai girgiza ba a ganin farko. Amma a lura da abin da ya faru: daga wannan minti babu sauran sojan haya a fim ɗin, sai abokan arziki. Duk wata tambaya mai wuya game da haya, watau wa zai biya, har yaushe za a biya, me zai faru ranar da aka kasa biya, ko ranar da ɗaya ɓangaren ya fi tsoka, an share ta da hawaye. Sojan haya na gaske ba ya mayar da kuɗi.

Mutanen Ramgarh

A ganinmu babban aibin fim ɗin yana wajen mutanen gari, kuma a nan ne ya kamata mu ɗan daɗe. Tushen wannan zubi a fim shi ne Samurai Bakwai na Akira Kurosawa, wanda aka yi a Japan a 1954, Amurkawa suka juya shi ya zama The Magnificent Seven a 1960. A wajen Kurosawa manoma ne da kansu suka zauna suka yi shawara, suka tafi neman mayaƙa, ladan kuwa shinkafar ci ce kawai, alhali su masu biyan gero suke ci. Mayaƙan suka koya musu riƙon mashin gora, aka haƙa ramuka, aka yi shinge, aka yi yaƙin tare. Huɗu daga cikin bakwai suka mutu, fim ya ƙare manoma na dashen shinkafa. A Sholay kuwa ba a shawarci kowa ba. Mai gonaki ne ya ɗauko mayaƙa don ramuwar gayyarsa, shi ya sa ma ya ce da rai yake son Gabbar. Mutanen gari suna cikin auna hatsin da suka saba ba yaran Gabbar sai suka ga an kori masu karɓa da harsashi, an buɗe yaƙin da ba su nema ba, ba a kuwa ba su ko sanda ba.

Wannan hoto na auna hatsi ba baƙo ba ne gare mu yanzu. Shi ne harajin da 'yan bindiga ke ɗora wa ƙauyuka a Zamfara da Katsina da Birnin Gwari kafin a yi shuka ko kafin a yi girbi. Wanda ya san halin da masu biyan wannan haraji ke ciki ba zai yi saurin kiransu matsorata ba.

Fim ɗin kuwa ya kira su. Gabbar ya kama Ahmed, ɗan makahon limamin garin, saurayin da ya kama hanyar birni neman aiki, ya kashe shi, ya ɗora gawar a kan doki ya aiko da takarda cewa a miƙa masa baƙin nan biyu. Mutane suka ce a miƙa su, su manoma ne, suna da 'ya'ya. Wannan magana ce mai nauyi, ta cancanci amsa. Maimakon amsa sai aka kawo limamin, wanda A. K. Hangal ya fito a matsayinsa, ya yi magana mai taɓa zuciya a kan gawar ɗansa, ya juya ya tafi salla, kowa ya sunkuyar da kai. An yi amfani da haƙurin mai rashi an rufe bakin masu tsoro. Sa'an nan ko bayan wannan ba mu ga an shirya mutanen gari sun tsare kansu ba. Sun koma 'yan kallo, kamar mu.

Ran 1 ga Satumba 2023 'yan bindiga suka shiga Saya-Saya ta ƙasar Ikara, suka buɗe wuta a masallaci ana sallar lisha, aka rasa mutum bakwai a harin, cikinsu har da shugaban 'yan bangan garin. Mun kawo wannan ne don a ga wanda ramuwa ke faɗa wa: mai gida a garin, wanda aka san ƙofarsa, aka san sahun da yake tsayawa. Sholay ya san da haka, ga gawar Ahmed nan shaida, amma bai bar abin ya ɓata wa jarumansa suna ba. Jai ya mutu a kan gada mutuwar jarumi, Veeru ya gano kwabon da suke jefawa don yanke shawara fuskarsa biyu iri ɗaya ce, ya hau jirgi ya tafi da Basanti. Yaran Gabbar da suka saura a duwatsu, da abin da za su yi wa Ramgarh da kaka mai zuwa, ba a ce komai a kansu ba.

Shi kansa Gabbar, duk da irin wasan da Amjad Khan ya yi wanda har yau ba a kamo shi ba, ba shi da asali ba shi da dalili. A Mother India na 1957, wanda Hausawa suka ƙaunata matuƙa, mun ga yadda bashin mai ba da rance da ruwa ya cinye gonar uwa har ɗanta Birju ya shiga daji. Sholay ya jefar da wannan tambaya. Mugu ne kurum, maganinsa kisa. A tsarin farko ma Thakur ne ya tattake shi har lahira da takalmi mai ƙusoshi, sai hukumar tace fina-finai, a zamanin dokar ta-ɓacin Indira Gandhi, ta tilasta aka sake ɗauka, 'yan sanda suka iso a minti na ƙarshe. Sai a watan Yuni 2025 aka nuna gyararren kwafi mai ƙarshen asali a birnin Bolonya na Italiya. Ko wanne aka ɗauka, hukumar da ba ta nan tsawon awa uku ba ta da bakin magana.

Akwatin Jimmy

Mustafa Alasan, wanda ake rubuta sunansa da Faransanci Moustapha Alassane, an haife shi a 1942, ya fara da kanikanci, ya koyi aikin fim a Yamai tare da Jean Rouch, ya je Kanada wajen Norman McLaren ya koyi zanen da ke motsi. Fim ɗinsa na 1962 sunansa Aure. Ya zauna shekaru da yawa a Tawa, ya rasu a Wagadugu a Maris 2015. Fim ɗin da ya dame mu a nan shi ne Le Retour d'un aventurier, watau dawowar ɗan yawon duniya, wanda akan ce shi ne fim ɗin kaboyi na farko da ɗan Afirka ya yi.

Labarin gajere ne. Jimmy ya dawo ƙauyensu daga Amurka da tsaraba: akwati cike da kayan kaboyi, malafa da takalma da bindigogi. Ya raba wa abokansa, kowa ya tuɓe rigarsa ya tuɓe sunansa, aka sami Black Cooper da James Kelly da Casse-Tout, ma'anarsa fasa-duka, da Billy Walter, da budurwa ɗaya, Sarauniya Christine. Suka samo dawaki, suka shiga kwaikwayon abin da suka gani a sinima: caca, shan giya, dambe a mashaya, sukuwa a dajin da raƙuman dawa ke kiwo. Da yake kaboyi ba ya noma, sai abin ya koma ƙwace. Dattawan gari suka rasa yadda za su yi da 'ya'yan cikinsu, rikici ya ɓarke a tsakanin samarin, abin da aka fara da wasa ya kai ga zubar da jini.

Wani zai ce ai wannan ba labarin sojan haya ba ne, tun da ba wanda ya ɗauko su. Haka ne, kuma a nan amfaninsa yake. Alasan ya ɗauki kayan aikin jarumin, malafar da bindigar da tafiyar ƙasaita, ya cire lasin, ya ce mu duba abin da ya rage. Abin da ya rage ɗan daba ne. Dariyar fim ɗin duk a kan masu bindiga take: mun san su, mun ga rigunan da suka tuɓe, saboda haka duk sa'ad da ɗayansu ya gyara malafa ya yi magana ta hanci, sai mu ga yaron unguwa ne a cikin kayan aro. Wannan dariya ba daga Amurka ya koyo ta ba. 'Yar'uwar wasan gauta ce, inda matan fada ke shiga kayan sarki da hakimai, da kalankuwa, inda samarin ƙauye ke naɗa Gwamna da Alƙali bayan girbi. Bambancin shi ne a kalankuwa kowa ya san ranar tuɓe kaya, su kuwa abokan Jimmy sun ƙi tuɓewa.

Ba mu ce fim ɗin ba shi da rauni ba. 'Yan wasan ba ƙwararru ba ne a lokacin, ko da yake Djingarey Maïga ya zama mai shirya fina-finai daga baya, Zalika Souley kuma ta zama fitacciyar 'yar wasan Nijar, ta kuma sha tsangwama saboda mutane sun kasa raba ta da matan da take fitowa a matsayinsu, kamar yadda Rahmatou Keïta ta nuna a fim ɗinta na 2004. Labarin yana tsalle, wasu wuraren an yi su da gaggawa, ba shi da kiɗan R. D. Burman, ba shi da mugu kamar Gabbar da za a riƙa kwaikwayo shekara hamsin. Wanda ya zo neman abin da zai sa shi kuka ba zai samu ba. Amma ya hango abin da Sholay ya rufe ido a kansa shekara tara kafin a yi Sholay, kuma tarihin ƙasarmu ya gaskata shi. 'Yan sa-kai na Zamfara sun fara ne da sunan tsaron gari, kashe-kashen da suka yi wa Fulani a kasuwanni ba tare da shari'a ba na cikin abin da ya hura wutar, har gwamnatin jihar ta haramta su a 2019. A kudu ma 'yan Bakassi, da suka taso daga masu ɗinkin takalma na Aba a 1998, aka gayyace su Anaca, aka yi musu fim ɗin yabo mai suna Issakaba, sai da Gwamnatin Tarayya ta wargaza su a 2002. Yanzu jihohi sun koma ba da lasin da kansu: Kaduna ta ɗauki mutum 7,000 aikin sintiri a 2023, Katsina ta ƙaddamar da nata dakarun a Oktoba 2023, Zamfara ta fito da Askarawa a Janairu 2024. Ko kaki da albashi za su yi abin da malafar Jimmy ta kasa yi, wannan yana ga wanda ke tuhumarsu in sun yi laifi.

Abin mamaki shi ne labarinmu na gargajiya ya fi fim ɗin Indiya faɗin gaskiya game da farashi. Bayajida baƙo ne, ya sauka Daura da dare a gidan tsohuwa Ayana, ya kashe macijin rijiyar Kusugu da wuƙar da maƙeran Gaya suka ƙera masa. Akwai ma ban dariya a ciki, sa'ad da mazan gari suka riƙa fitowa kowa na cewa shi ya kashe, aka ce a kawo kan. Sarauniya ta yi alkawarin rabin gari, baƙon ya ce aure yake so. Bai hau jirgi ya tafi ba. Daga kansa sarautar mata ta ƙare a Daura. Masu ba da wannan labari ba su ɓoye wa yara cewa wanda ya kashe maka maciji yana iya gaje maka gado ba.

Tun da yake yawancinmu a nan malaman da ke horar da malamai ne, muna ganin akwai abin yi. Minti 34 bai cika darasi ɗaya ba. Masu fassara a Kano da ke juya fim ɗin awa uku cikin 'yan kwanaki ba za su kasa juya wannan ba, a nuna shi a makarantun Hunƙuyi da Paki da Gimi tare da kashin tankin ruwa na Sholay, a bar ɗalibai su faɗi wanda aka yi wa dariya a kowanne. Wurin da za a fara neman kwafi da izini shi ne Yamai, inda a Oktoba 2024 hukumomin Nijar suka cire sunan Jean Rouch daga tsohuwar cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar suka sa na Mustafa Alasan.